Bututun Barewa da Sunan da Na Ɓata

Fagge, Kano
Safiyar Laraba

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu da iyalansa da sahabbansa.

Zuwa ga ɗana Abba, mai sunan mahaifina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta uba ga ɗansa na fari, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, Ya miƙe maka hanya tun daga Kano har ƙasar Anambra inda aka tura ka bautar ƙasa, Ya tsare ka daga ramin titi, da gyangyaɗin direba, da sharrin wanda ka sani da wanda ba ka sani ba. Na roƙi mahaifiyarka ta cusa takardar a ƙarƙashin ledar dambun nama, domin na san ba za ka kai Zariya ba sai hannunka ya isa wurin.

Ba labarin gida zan ba ka ba, yau ka bar shi, ka san komai nasa. Zan yi maka magana ne a kan ranar Asabar, lokacin da na fito na same ka a ƙofar gida ka buɗe bonet ɗin motata, kana gwada wani bututun alminiyam a gefen injin. Na fizge shi daga hannunka, na yi jifa da shi har bakin kwata, na kuma faɗi maganganun da ba su dace da malamin makaranta ba, balle uba. Ka je ka ɗauko shi, ka goge da gefen rigarka, ka ce, “Allah Ya huci zuciyarka, Baba.” Tun ranar kake gaishe ni kanka a ƙasa. Na san abin da ka ɗauka: cewa tsohon malamin Hausa ne ya tsorata da aikin injiniyoyi saboda bai san shi ba. Ina ma a ce haka ne. Na san aikin nan, ɗana, na san shi da hannuna. Ba kai na yi wa tsawa ba. Wani mutum na hango tsaye a inda kake, mai shekara talatin da 'yan kai, cike da son kansa da son muryarsa, sunansa Bukar. Shi na jefa wa bututun, na makara da shekara goma sha bakwai.

Ba za ka tuna Barewa sosai ba. Ita ce motata ta farko, ja ce, 'yar Kwatano, ƙarama mai ladabi. Wanda ya zaɓa mini ita shi ne Emeka, kuma shi ne dalilin wannan wasiƙa. Emeka mai sayar da kayan gyaran mota ne a Sabon Gari. Mahaifinsa ya zo daga Nnewi, amma shi a nan aka yanke masa cibiya, Hausa kuwa a bakinsa ta fi ta wasu ɗalibaina tsabta. Na fara zuwa shagonsa rakiyar wani aboki, na koma don hira, daga nan bencin ƙofar shagon ya zama nawa kowace yamma bayan an tashi daga makaranta. Da Kirsimeti matarsa takan aiko mana da shinkafa, da layya nakan kai masa cinyar rago da kaina. Ya sha ɗaukar ka a kafaɗa, kana kiransa Baba Emeka. Shi ya laƙaba mini Mai-baiti, saboda ba na iya shan ruwan sanyi ban yi masa waƙa ba.

Wata rana na ga motar wani matashi ta wuce da wani irin gurnani da ya tsaya mini a ƙirji. Na bi shi har inda ya tsaya, na roƙe shi ya buɗe mini. Sai na ga babu baƙin akwatin nan da injin yake shaƙar iska ta cikinsa. An cire shi, an sa bututu mai ƙyalli, a bakinsa da filta mai siffar mazurari. Ya bayyana mini cewa injin kamar mutum yake, idan ya shaƙi iska mai yawa mai sanyi sai ya ƙona mai da kyau, ya ƙara ƙarfi. Na sayen kanti ya fi ƙarfin malamin makaranta, don haka na ƙudurta zan haɗa nawa da abin da hannuna ya kai. Na tafi wurin Emeka da zancen.

“Malam Mai-baiti,” in ji shi, “motar nan lafiyarta lau. Ka zuba mata mai, ka canza baƙin mai a kan kari, ka bar ta ta tsufa da mutuncinta.”

Na ce, “Numfashi ne bai ishe ta ba. An toshe mata hanci da akwati.”

“Wanda ya ƙera ta ya fi ka sanin hancinta. Kai Babarbare, jiya-jiya kakanka ya sauka daga kan raƙumi, yau kai ne za ka gyara wa Bature aiki?”

“Gara mu. Ku da kuke sayar da ƙusa ɗaya da suna uku?”

Ya yi dariya har ya dafa kanta, sannan ya shiga ciki ya ɗauko mini filta mai kyau, ta asali, ya ce tunda na rantse sai na yi, to kada in sa wa motar soson katifa a baki. Ka riƙe wannan a ranka har ƙarshen takardar nan: filtar ta asali ce, kuma na san haka tun ranar.

Kuskurena na farko shi ne na auna aikina da kunne. Na sayi fayif ɗin roba irin na masu aikin famfo, na yanka gajere, na ɗaura filtar a bakinsa nan cikin ɗakin injin. Da na tayar da ita na taka totur, Barewa ta yi wani ruri da ya sa tantabarun maƙwabcinmu suka tashi. A take na yi mata baiti:

Barewa tawa mai dogon numfashi,
Ki sha iska, ki bar su da haushi.

Na yi mako biyu ina gaya wa duk wanda ya tsaya saurare cewa ƙarfinta ya ninka. Alhali da tsakar rana, idan na shiga cunkoson kasuwar Singa tsakanin manyan motocin sukari da masu turin kura, sai ta yi nauyi kamar an ɗaura mata dutse. Dalilin a fili yake. Akwatin da na raina yana jawo iska ne daga waje, ta bayan fitila. Nawa kuwa yana zuƙar zafin da injin kansa yake fitarwa, kamar mutumin da ya sa kai cikin tanderu yana neman shan iska. Ƙara ce ta ƙaru, ƙarfi ya ragu, ni kuwa na zaɓi in gaskata ƙarar domin ta fi daɗi. Saboda haka, Abba, duk abin da ka ƙera, kada ka tambayi zuciyarka ko ya yi, domin ita ta riga ta ba ka lambar yabo tun kafin ka ɗauki zarto. Ka cika tanki, ka bi hanya ɗaya a lokaci ɗaya, kafin gyara da bayan gyara, ka sa wani ya riƙe agogo, wanda ba ya jin kunyarka. Idan agogo ya ce ba ka yi komai ba, to ba ka yi ba, ko da duk unguwa ta fito kallo. Haka za ka auna kanka a wurin aiki ma. Mai yawan ruri a ofis ba lallai ne shi yake jan kaya ba.

Kuskure na biyu, na nemi araha a inda ba a nemanta. Fayif ɗin famfo an yi shi ne domin ruwan sanyi. Gefen da ya kusanci bakin salansa ya yi laushi, ya lotsa kamar kyandir. Mahaɗar kuwa da tsinken robar tayar keke na ɗaure ta, na bi da salatif. Iska ta riƙa satar hanya ta nan, ba ta bi ta filta ba, ba ta bi ta na'urar da take auna ta ba, motar ta kama shessheƙa a tsaye kamar yaron da ya gama kuka. Emeka ya leƙa, ya girgiza kai, ya kawo kilif na ƙarfe guda huɗu ya ɗaure mini da kansa, yana cewa, “Malam, baitinka ma idan mahaɗarsa ta yi sako-sako ai ba ka karanta shi a taro.” Gaskiya ya faɗa. Ka rage kuɗi a kan ƙyalli da fenti, amma kada ka rage a kan abin da zai taɓa wuta, ko abin da zai riƙe abu biyu wuri ɗaya.

Kuskure na uku shi ne wanda ya buɗe ƙofar sauran. Da na yarda a ɓoye cewa iskar zafi nake ba ta, sai na ce to bari in nemo mai sanyi daga inda take. Na ƙara tsawon fayif, na lanƙwasa shi da gwiwa biyu, na zura shi ƙasa har bayan bamba, kusa da titi. A nan kam ta ɗan ƙara kuzari, musamman da sanyin safiya, ba zan hana kaina wannan ba. Na kai ta wurin Emeka ina taƙama. Bai yi dariya ba. Ya durƙusa da farin wandonsa, ya auna da hannu daga ƙasa zuwa bakin filtar, taƙi ɗaya da rabi. Sannan ya kama hannuna ya kai ni jikin bangon shagonsa, ya nuna mini wani layi mai duhu da ya ratsa fentin, sama da gwiwata.

Ya ce, “Bukar, a unguwar nan aka haife ni. Nan ruwan Agusta yake kaiwa duk shekara. Injin yana shan iska, ba ya shan ruwa. Ranar da ya kurɓa, ya gama. Yanzu rani ne, ka yi wasanka. Ka bar akwatin a wurina. Ranar da aka yi ruwan farko ka zo in mayar maka, aikin minti goma ne.”

Na ce to. Aka yi ruwan farko, na ce sai an yi na biyu. Aka yi na biyu, na ce ai ni ba na shiga ruwa. Sau biyu yana tuna mini, na mayar da abin wasa, na ce tsoron ruwa ya kamata a bar wa mu mutanen yashi, ba su 'yan bakin kogi ba. Gaskiyar ita ce ba na son rabuwa da rurin. Ɗana, idan mutumin wuri ya nuna maka alama a bango, ka ajiye digirinka ka duba bangon. Ƙasar da za ka je ruwanta ya ninka namu, mutanenta sun san hanyoyinsa. Wanda ya yi maka gargaɗi ba tare da zai ci riba ba, ya ba ka abin da ya fi kyauta.

Ranar da abin ya faru Asabar ce, an ɗaura auren wani ɗan'uwan mahaifiyarka. Kakanka Alhaji Babba, surukina, Allah Ya jiƙansa, direbansa bai zo ba, sai na yi caraf na ce zan mayar da shi gida shi da aminansa biyu. Ka san Alhaji bai taɓa faɗa mini magana mara daɗi ba, amma tun neman aure na ji an ce ya tambaya, “Malamin nan mai waƙe-waƙe, zai iya riƙe gida kuwa?” Tambayar nan ta zauna mini a wuya shekara da shekaru. Ranar na so ya ga cewa mai waƙa ma yana da hannu.

Ruwa ya kece muna hanya, wajen azahar. Babban titi ya cushe, sai na yanke ta cikin Sabon Gari. Kwatoci sun cika sun tumbatsa, layin ya koma rafi, ledoji da ɓawon lemo suna yawo a kai. 'Yan acaɓa da suka fake a ƙarƙashin wata rumfa suka riƙa ɗaga mini hannu, ɗaya ya ce, “Malam, ba ta wucewa.” Alhaji ya ce a hankali, “Ko mu jira ya tsagaita?” Na ce, “Ranka ya daɗe, wannan motar ba irin sauran ba ce.” Na sa giya, na taka. Barewa ta yi rurinta mafi kyau, ta tura ruwa gaba kamar kwalekwale, ta yi tari sau ɗaya, ta yi shiru.

Da na tsaya a nan, da an cire fulogai an fitar da ruwan, da wataƙila ta tashi. Amma kunya ta riƙe mini hannu a kan makulli. Na murɗa, ta yi nishi. Na sake. A karo na uku na ji wani ƙwas daga cikinta, kamar an saki taɓarya a turmin da babu komai. Sandar fistin ce ta lanƙwashe. Ka rubuta wannan a inda ba za ka manta ba: motar da ta mutu a cikin ruwa ba a murɗa mata makulli. A tura ta waje, a cire fulogai, a bar ta ta amayar da abin da ta sha. Kuma ba mota kaɗai ba. Duk lokacin da abu ya lalace a hannunka a gaban mutane, abin da zuciya za ta fara ce maka ka yi, shi ne zai ƙarasa shi.

Alhaji Babba, mutumin da ban taɓa ganin ƙwaurinsa ba, ya cire takalmi, ya naɗe wando, ya tattara babbar rigarsa ta shadda ya saɓa a kafaɗa, ya sa ƙafa cikin ruwan kwata. Aminansa suka bi shi. Samarin layin suka kama motar suna ihu, “A tura, a tura.” Da muka fake a barandar wani shago, ruwa yana ɗiga daga hularsa, ya dube ni ba tare da fushi ba ya ce, “Malam Bukar, me ya same ta?”

Abba, da na ce laifina ne, da ya ce Allah Ya kiyaye gaba, da zancen ya mutu a barandar nan. Sai na ji bakina yana cewa, “Filtar jabu aka sayar mini, ranka ya daɗe. Wani ne a nan Sabon Gari, na yarda da shi.”

Wannan shi ne kuskure na huɗu, kuma duk na baya wasan yara ne a kansa. Ban shirya ƙaryar ba, a shirye na same ta. Ka ji tsoron amsar farko da take zuwa maka lokacin da kake jin kunya. Idan ba za ka iya cewa “ni ne” ba, ka ce “ban sani ba tukuna”, ka sayi lokaci har imaninka ya dawo. Kunyar suruki ta yini ɗaya ce. Abin da na saya da ita har yau ina ɗauke da shi.

Alhaji ya tausaya mini, ya riƙa gaya wa mutane an cuci yaron nan. Da na ga ƙaryar ta samo mini tausayin da gaskiyata ba ta taɓa samo mini ba, sai na shiga yi mata gini. Aka ja Barewa zuwa garejin Malam Sani bakanike a nan Fagge, inda ake zaman majalisa a gindin darbejiya bayan la'asar. Kanikawa suka tambaye ni labari, ni kuwa ba na iya ba da labari a zube. Na zauna na tsara waƙar zambo, baiti ashirin da biyu, na auna kowane ɗango, na goge shi har ya yi sheƙi. Ban taɓa yin waƙar da ta kai ta tsari ba, wannan ma wani abin kunyar ne. Na sa kalmar nan da ake kiran ƙabilarsa da ita idan ana son wulaƙanci, ni da na ci shinkafar gidansa. Ba zan rubuta maka ita ba, sai amshin kawai, domin ka gane shi idan ka taɓa ji:

Shagon Emeka, shagon a-tura,
Ka saya da safe, da yamma gyara.

Aka yi dariya har da masu riƙe ciki. Wani ya ɗauka a waya, aka riƙa tura wa juna daga gareji zuwa gareji. Kafin wata ya ƙare sunan shagonsa ya koma A-tura. Ka san yadda sana'ar take: mai mota ba ya zaɓar inda zai sayi kaya, bakanikensa ne yake cewa je wurin wane. Emeka ya yi shekaru yana gina wannan amana da kanikawan Fagge, ɗaya bayan ɗaya, da Hausarsa da gaskiyarsa. Na rushe ta da yamma ɗaya, ina zaune a kan benci, ana ba ni shayi.

Wata Lahadi da hantsi aka yi sallama a zaure. Na fito na same shi da farar rigarsa ta zuwa coci, yana rungume da wani abu a leda. Bai ce Mai-baiti ba.

“Malam Bukar, ga akwatinka. Na wanke shi.”

Na karɓa. Na kasa cewa ya zauna.

Ya ce, “Waƙar ta tsaru. An rera wa 'yata Ngozi ita a makaranta. Ta dawo tana tambayata wai ko Baba Bukar ne ya yi. Na ce mata a'a, wani Bukar ne, Kano da faɗi.”

Kai kuma ka fito da gudu ka rungume ƙafarsa. Ya shafa kanka, ya tambaye ka karatu, ya juya. Ko rakiyar bakin ƙofa ban yi masa ba. Na tsaya riƙe da akwatin ina jin ƙamshin sabulun da ya wanke shi da shi. Bayan shekara biyu ya rufe shagon ya koma Nnewi da iyalinsa. Ba zan ce waƙata kaɗai ta kore shi ba, kasuwa tana da nata dalilan, amma na san nauyin da na ɗora a kan sikelin.

Ga nasihata a nan, kuma ita ce mafi tsada a wurina. Kowane mutum Allah Ya ba shi abu ɗaya da ya fi saura iyawa. Nawa harshe ne, naka hannu da lissafi. Ta wannan ƙofar za a jarrabe ka, ba ta inda kake da rauni ba. Ranar da ka yi kuskure a wurin aiki, za ka ga kana da ilimin da za ka iya ɗora shi a kan mai walda, ko mai kawo kaya, ko direba, da bayanin da babu mai iya musa shi. A ranar ka tuna da ni.

Bayan abin da na yi maka ranar Asabar, na kasa zama. Na je garejin Malam Sani ranar Litinin bayan la'asar. Ya tsufa, 'ya'yansa ne suke aikin, shi yana kan tabarma da carbi. Majalisar tana nan, da sababbin fuskoki da tsofaffi. Na miƙe tsaye kamar a gaban aji, na faɗi komai. Na zaci za a yi salati. Malam Sani ya gyara zama kawai ya ce, “Malam Bukar, ai ni na kwance injin. Ruwan da na zubar daga cikinsa ya kusa cika buta. Filtar kuwa na shanya ta, na sa wa wata motar, ta daɗe tana aiki.”

Na ce, “Ka sani, ka yi shiru?”

Ya ce, “Kai ma ka sani, ka yi waƙa. Mu amshi kawai muka yi.”

Babu wanda ya yi dariya. Shekara goma sha bakwai ina gadin sirrin da kowa ya sani, mutum ɗaya kawai aka bari da kuɗin fansarsa.

Daga nan na wuce Kasuwar Sabon Gari, na nemi ƙanwar Emeka, Mama Nkechi, mai sayar da busasshen kifi. Ta gane ni, ta kuma bar ni a tsaye na ɗan lokaci, hakkinta ne. Daga baya ta ce yana raye, amma ciwon suga ya tafi da idanunsa, jikin kuma sai a hankali. Kullum ana kai shi shagon babban ɗansa a kasuwar kayan mota ta Nnewi, ya zauna a ƙofa yana gane kaya da taɓawa. Ta ba ni lambarsa da kwatancen shagon, na kwafe maka a bayan takardar nan. Na kira sau uku. Sau uku yana ɗauka, ni mai baiti ashirin da biyu na rasa kalma ɗaya. A na ukun shirun ya yi tsawo, ina jin ya jiyo kiran sallar masallacin layinmu, sai ya ce da Hausa, “Idan daga Kano ne, a gaida mutanen Fagge.” Na kashe wayar, na zauna a kan dakali.

Ga abin da nake roƙo, kuma roƙo ne, ba umarni ba. A ƙasan babbar jakarka, cikin tsohon zanen mahaifiyarka, akwai akwatin iskar Barewa. Idan kun fito daga sansani ka sami wurin zama, kada ka bari wata ya wuce, ka je Nnewi. Ka je da rana, lokacin da kasuwa ta cika, domin a gaban mutane na ɓata shi. Ka durƙusa ka gaishe shi kamar yadda kake gaishe ni. Kafin ka faɗi sunanka ka sa masa akwatin a hannu, yatsunsa za su gane shi. Sannan ka karanta masa wannan da ƙarfi, ka roƙi ɗansa ya fassara wa maƙwabta da harshensu, kada a rage komai:

Emeka, ga ni tsaye a ƙofarka,
Da bakin nan da ya ɓata sunanka.
Ka ce ruwa, na ƙi jin gargaɗinka,
Ruwan ya zo, na juye shi a kanka.
Kayanka nagari, babu jabu a shagonka,
Maƙaryacin ni ne, Bukar abokinka.

Ba ta kai waccan tsari ba, na sani, ban kuma goge ta ba. Kada ka kare ni, kada ka ce ai Baba ya tsufa ko ya yi nadama, ka bar shi ya faɗi abin da yake ransa, ka kawo mini shi yadda yake. Ka roƙe shi kuma ya gaya wa Ngozi cewa ba wani Bukar ba ne. Idan ya ce in zo, zan hau mota a makon, in faɗa da bakina. Idan ya ce kada in zo, ka yi masa godiya, ka tashi da ladabi, wannan ma hakkinsa ne.

Bututunka kuwa, na ɗauko shi daga bayan tankin ruwa inda ka ɓoye. Na duba shi da kyau. Ka ɗaga bakinsa sama kusa da fitila, ka yi masa garkuwar alminiyam tsakaninsa da zafin injin, ka bar wa na'urar auna iska gurbinta. Duk abin da na koya da asarar mota da aboki, kai ka zo da shi a takarda ɗaya. Na kai wa mai walda ya buge lotsawar da jifana ya yi masa. Yana kan durowata, a gurbin da akwatin ya bari. Idan Allah Ya dawo da kai hutu za mu ɗaura shi tare, kai da sifana, ni da agogo, kuma duk abin da agogon ya ce zan faɗe shi yadda yake.

Ka riƙe salla a kan lokacinta, ka ci abincin mutane da godiya, ka koyi gaisuwarsu tun makon farko. Mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka. Allah Ya kai ka lafiya, Ya zaunar da kai lafiya, Ya haɗa ka da mutanen kirki, Ya sa ka fi mahaifinka riƙon su. Ya ba Emeka sauƙi, Ya kuma ara masa kwana har ka isa. Na ba Allah ajiyarka, Shi da ajiya ba ta ɓata a wurinSa.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
Bukar Modu Fagge,
wanda mutum ɗaya ne a duniya yake kiransa Mai-baiti, yana kuma jiran ya ji ko zai sake.